Horon da Aka Ba Mu Kan Ladabtar da Ɗalibai ta Hanyar Gyara Ɓarna

Lissafi nake koyarwa a wata makarantar gwamnati da ke Bronx, a birnin New York. Ɗalibaina 'yan aji shida zuwa takwas ne, yara masu shekara 11 zuwa 14, shekarun da jini ke tafasa. A watan Yunin 2019 magajin garin wancan lokaci, Bill de Blasio, da shugaban makarantun birnin, Richard Carranza, suka sanar da sauya dokar ladabtar da ɗalibai. A da ana iya dakatar da yaro har kwana 180, shekarar karatu guda ke nan cur. Sabuwar dokar ta ce kada a wuce kwana 20, sai dai in laifin ya yi tsanani ƙwarai, irin su shigowa da bindiga. Aka kuma yi alkawarin horar da malamai a kan wata hanya dabam: in yaro ya yi ɓarna, a zaunar da shi da wanda ya cuta, a ji abin da ya lalace, a fitar da yadda zai gyara. Da muka dawo daga dogon hutu, shugabar makarantarmu ta sa sunana a rukunin farko.

Kafin in zo Amurka na koyar a Zariya, inda malami ke da dorina, da tsallen kwaɗo, da durƙuso a rana, da yankan ciyawa. A nan babu ko ɗaya. Dokar makarantun birnin mai lamba A-420 ta haramta taɓa jikin ɗalibi da sunan horo, kuma malami na iya rasa aikinsa a kan haka. Abin da ya rage shi ne fitarwa. Ka tura yaro wurin malamin ladabtarwa, shi ya kai wa shugaba, ita ta dakatar da shi kwana ɗaya zuwa biyar. In za a wuce haka sai an kai maganar sama an yi zaman sauraro. A bakin ƙofa kuma akwai jami'an tsaro, waɗanda tun 1998 suke ƙarƙashin rundunar 'yan sandan birnin. Na daɗe da sanin cewa dakatarwa ba ta gyara yaro. Yakan dawo ya tarar an wuce shi da darussa, bai gane komai a allo ba, sai ya koma tsokana don ya rufe kunyarsa. Duk da haka na tafi horon da zullumi, domin in aka karɓe wa malami wannan ma, da me zai riƙe aji?

Ɗakin da aka tara mu babu tebur. Kujeru ne kawai a zagaye, a tsakiya an shimfiɗa ƙyalle an ɗora ɗan dutse mai sulɓi. Mai horar da mu wata dattijuwa ce baƙar fata wadda ta yi shekaru tana koyarwa. Ta ɗauki dutsen ta ce ƙa'ida ɗaya ce: wanda yake riƙe da shi ne ke magana, sauran su saurara, dutsen ya bi layi hannu zuwa hannu, wanda ba ya son cewa komai ya miƙa gaba, ba mai tambayarsa dalili. Ta ce an koyo wannan zama ne daga 'yan asalin Arewacin Amurka. Tambayarta ta farko ita ce kowa ya faɗi wani babba da ya taɓa yi masa adalci yana yaro. Ni na ambaci wani malamin firamarenmu da ya ƙi dukana sai da ya ji ta bakina. Wani malamin motsa jiki, ƙato, da dutsen ya iso hannunsa sai ya yi shiru ya daɗe, ya miƙa gaba. A zagaye na biyu ya ce ya duba bai samu kowa ba.

Har aka tashi ranar farko ba a ambaci laifi ko hukunci ba, wasu suka fara gunaguni cewa an ɓata musu lokaci. Dattijuwar ta ce kashi 80 cikin ɗari na wannan aiki ana yin sa ne tun kafin a yi faɗa, wato zaman da'ira na mako-mako inda yara ke sabawa da jin juna. Ragowar ne zaman gyara ɓarna. Yaron da bai taɓa zama ya saurari ɗan ajinsa ba, ba ranar da suka ba hammata iska zai fara ba. Na ce a raina, ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarihin abin an ba mu shi a gurguje. A 1974, a garin Elmira na lardin Ontario a Kanada, wasu samari biyu suka yi tatul suka lalata dukiyar mutane a wurare 22. Wani jami'in sa ido kan masu laifi, Mark Yantzi, ya ba alƙali shawara a kai su ƙofa-ƙofa su fuskanci waɗanda suka yi wa ɓarna, su biya. A 1989 New Zealand ta sa taron dangi cikin dokarta ta ƙananan yara masu laifi, bayan ƙorafin al'ummar Maori, 'yan asalin ƙasar, cewa kotuna na raba su da 'ya'yansu. A farkon shekarun 1990 wani ɗan sanda a Wagga Wagga ta Ostareliya, Terry O'Connell, ya tsara jerin tambayoyin da har yau ake amfani da su, kuma a 1994 aka fara gwada irin wannan zama a wata makarantar sakandare a jihar Queensland. A wannan shekarar kuwa Amurka ta nufi wata hanyar, ta yi dokar korar duk ɗalibin da ya zo da bindiga na tsawon shekara guda. Daga nan makarantu suka faɗaɗa tsarin ba-sani-ba-sabo har ya kai ga rashin kunya da faɗan yara. Alƙaluman da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar a 2014 sun nuna ana dakatar da ɗalibai baƙaƙen fata ninki uku na fararen fata. Gwamnatin Obama ta fitar da takardar jan kunne ga makarantu a Janairun 2014, gwamnatin Trump ta soke ta a Disambar 2018. Ɗalibaina kusan duka baƙaƙe ne ko 'yan asalin Jamhuriyar Dominika, don haka waɗannan alƙaluma 'ya'yan ajina suke nufi.

Sai dattijuwar ta zana murabba'i a allo ta raba shi gida huɗu. Gefe ɗaya tsanani, ɗaya gefen tallafi. Mai tsanani ba tallafi, shi ne mai hukunci. Mai tallafi ba tsanani, shi ne mai shagwaɓa yaro yana nema masa uzuri. Wanda ba shi da ko ɗaya ya yi watsi da yaron ke nan. Gida na huɗu shi ake nema: ka tsaya kai da fata cewa abin da aka yi ba daidai ba ne, kuma ka zauna tare da yaron har ya gyara. Wannan zanen ya ɗan kwantar mini da hankali, don na zo da tsoron cewa shagwaɓa za a koya mana.

Inda aikin ya yi nauyi shi ne tambayoyin. An ba kowa ɗan kati mai shiga aljihu. Ga wanda ya yi laifi: Me ya faru? Me kake tunani a lokacin? Me ka yi ta tunani tun daga nan? Wa abin ya shafa, ta yaya? Me za ka yi don a gyara? Ga wanda aka cuta: Me ya zo maka a rai da abin ya faru? Yaya ya shafe ka, kai da naka? Mene ne ya fi yi maka ciwo? Me kake ganin ya kamata a yi? Tambaya ɗaya aka hana mu, wato “me ya sa ka yi haka?” Duk malami ya san amsarta: ko “ban sani ba”, ko “shi ya fara”. Tambayar tana tura yaro neman mafaka, alhali “me ya faru?” labari take nema, yaro kuma ya iya ba da labari.

Aka raba mu uku-uku, ɗaya mai laifi, ɗaya wanda aka cuta, ɗaya mai jan zama. A nan aka ga halin malamai. Da zarar mai laifi ya yi shiru, sai mai jan zama ya cike gurbin da nasiha. Dattijuwar tana zagayawa, in ta ji an fara wa'azi sai ta dafa kafaɗar mutum ta nuna masa katin. Ta ce mu ƙirga goma a zuci kafin mu sake buɗe baki, domin abin da yaro zai faɗa bayan dogon shiru yawanci shi ne gaskiyar. Mutumin da aikinsa magana ne daga safe zuwa yamma, a ce ya yi tambaya ya kame bakinsa, ba ƙaramin horo ba ne. A ganina wannan shi ne ainihin abin da aka je koya mana, sauran duk tsari ne.

Tun ranar farko nake ganin abin ya yi kama da sulhun gida, irin wanda ake yi a zauren mai unguwa, kuma na faɗa a da'ira. Kamar tana nan: dangi suna zuwa, ana zama ido da ido, ana neman a ci gaba da zama tare. Amma da aka shiga bayanin zaman sai bambancin ya fito. A zaure babba ne ke yin mafi yawan magana, yaro kansa na sunkuye, kuma sau da yawa nauyin yana komawa kan wanda aka cuta: ka yi haƙuri, ka bar wa Allah, ka dubi girman waɗanda suka zo. A nan an gargaɗe mu kada mu roƙi kowa ya yafe, kada kuma mu ce wa yaro “ba shi haƙuri”. Na yi musu a kan wannan, na ce yafiya alheri ce, don me za a hana mu kira gare ta? Dattijuwar ta ce ba a hana yafiya ba, an hana mai jan zama ya nema ne, domin in babba ya roƙa yaro ba shi da ikon cewa a'a, sai ya fita da ciwonsa a ciki ana ganin an gama. Na tuna mutane da yawa a gida da aka sasanta su a baki, gaba kuma ta ci gaba shekara da shekaru. Ban bar ganin darajar sulhunmu ba, amma a wannan gaɓar ita ke da gaskiya.

Sauran ƙa'idojin a bayyane suke. Ba a tilasta wa kowa zuwa. Ba a yin zaman sai mai laifi ya amsa cewa ya yi, domin wurin ba kotu ba ne. Ana ganin kowane ɓangare shi kaɗai tukuna, a yi masa tambayoyin, ya san abin da zai tarar. Akwai kuma laifuffukan da ba a haɗa mutane a kansu, musamman cin zarafin da ya shafi lalata, ko inda ɗaya ke tsoron ɗaya.

Da na koma aji na fara da'ira kowace Litinin da safe, minti goma sha biyar. Makonnin farko dutsen zagayawa kawai yake yi, kowa na miƙa wa na kusa, ana ƙyalƙyala dariya. Na rage nauyin tambayoyin, na koma irin su wane abinci ne in an dafa a gidanku kake ɗokin komawa. Sai aka fara jin shinkafa da wake ta 'yan Dominika, da waken 'yan Gana, da dambun wata yarinya 'yar Nijar. Sannu a hankali aka kai ga tambayar wane abu ne ake yi maka a makarantar nan da ba ka so.

Zaman gyara na farko da na shiga ya zo ne da sanyin hunturu. Akwai wani yaro sabon zuwa daga Nima ta birnin Accra, Bahaushen zango, mai ƙoƙari a lissafi amma Turancinsa da karin harshen gida. Wani ɗan ajinsu ya ɗauke shi bidiyo a ɓoye yana karatu, ya yaɗa wa abokai da rubutun ba'a. Da yaron ya gani, a ɗakin cin abinci, ya kai masa naushi ya fasa masa tabarau. A tsohon tsari mai naushi ne zai tafi gida, mai bidiyo ya zauna, shi ke nan. Shugaba ta cire mai naushin daga aji na ɗan lokaci a cikin makaranta, ta ce a shirya zama. Mai ba ɗalibai shawara ce za ta ja, ni in taimaka, tunda ina jin harshen gidan yaron.

Na kira mahaifinsa, direban tasi ne, ya zo bayan la'asar. Ko zama bai gama yi ba ya ce, “Malam, ku yi haƙuri, ya ba ni kunya. Ku bar ni da shi, yau zai gane kurensa.” Na ce, “Alhaji, don Allah a bar maganar duka. In ya zo gobe da tabo, doka ta wajabta mini in kai rahoto hukumar kula da yara, kuma ba na son mu kai can.” Ya ce, “To Malam, icce ai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.” Na ce haka ne, tanƙwarar muka kira shi ya taya mu. Sannan na tambaye shi ko ya ga bidiyon. Bai ma san da shi ba. Yaron bai faɗa masa ba, don a gida ba a saba yaro ya kawo ƙara bayan ya yi laifi ba. Da na nuna masa, ya daɗe bai ce komai ba.

Ranar zaman harsuna uku aka yi amfani da su, Turanci da Hausa da Sifaniyanci, domin mahaifiyar ɗaya yaron sai da tafinta. Hakan ya sa komai ya tafi a hankali, jinkirin kuma ya yi amfani, don ba wanda ya samu damar katse wani. Mai naushi ya fara. Da aka zo kan abin da ya fi yi masa ciwo, ya yi shiru har na ƙirga goma na sake farawa. Sai ya ce tun ranar da ya ga bidiyon bai sake ɗaga hannu a kowane aji ba, kuma ya roƙi mahaifiyarsa a waya ta sa a mayar da shi Accra. Alhaji ya juyo ya dube shi, a wurin ya fara jin wannan. Mai bidiyo da farko cewa ya yi wasa ne. Mahaifiyarsa ce ta karɓi magana, ta ce ita ma a wurin aikinta ana kwaikwayon Turancinta, takan shiga banɗaki ta yi kuka, ba ta taɓa zaton ɗanta zai yi wa wani haka ba. Ta kuma ce tabarau ɗin sai da ta yi ƙarin aiki kafin ta saya, yanzu yaron ba ya ganin allo. Nan kowane yaro ya ji abin da hannunsa ya jawo, daga bakin wanda abin ya faɗa wa.

Alhaji ya zaro kuɗi zai biya tabarau nan take. Mai jan zama ta ce a dakata, a tambayi yaran. Abin da suka amince da shi aka rubuta: mai bidiyo zai goge shi a gaban kowa, ya bi waɗanda ya tura wa ɗaya bayan ɗaya su goge, ya kuma faɗa a da'irar Litinin cewa shi ya ɗauka kuma bai kyauta ba. Mai naushi zai biya rabin kuɗin daga abin da yake tarawa, mahaifinsa ya cika, kafin sabon tabarau ya iso kuma zai riƙa kwafa wa ɗayan abin da aka rubuta a allo. Kowa ya sa hannu, aka sa ranar dubawa. Ba wanda ya ce wa wani ya yafe. Yaran ba su zama abokai ba, amma an cika alkawuran, kuma kafin a rufe makarantu saboda korona a watan Maris na 2020 yaron Nima ya koma ɗaga hannu.

Ba kowane zama ne ya tafi haka ba. Akwai yarinyar da ta ce ba za ta zauna da wanda ya zage ta ba, aka bar ta, shi kuma aka dakatar da shi. Akwai yaran da suka haddace amsoshin katin, suna rera su don a sallame su. Wasu abokan aikina suna ganin an ɗaure musu hannu, kuma ba na raina kukansu, domin malamar da yaro ya zaga a gaban aji, ta ga ya dawo bayan minti ashirin ba tare da an zauna da ita ba, an cuce ta, kuma wannan ba gyara ba ne ko da an kira shi haka. Binciken da cibiyar nazari ta RAND ta yi a makarantu 44 na birnin Pittsburgh, wanda ya fito a ƙarshen 2018, ya nuna kwanakin da ɗalibai ke rasawa saboda dakatarwa sun ragu da kashi 16 cikin ɗari a makarantun da suka bi wannan hanya. Amma a aji shida zuwa takwas, irin waɗanda nake koyarwa, dakatarwar ba ta ragu ba, sakamakon karatu ma ya ɗan yi ƙasa. Dattijuwar da kanta ta faɗa mana wannan, ba ta ɓoye ba.

Ina ganin na san inda gizo ke saƙa, wato lokaci. Zaman yaran nan biyu ya ci ganawa da kowane yaro, da kowane gida, da neman tafinta, da zaman kansa, da bibiya. Duk a lokacin cin abincina da bayan tashi aka yi su, domin in na bar aji ba mai riƙe mini. Takardar dakatarwa kuwa minti kaɗan ake cike ta. Makarantar da ta tura malamai horo, ba ta ware mutum guda wanda wannan ne aikinsa ba, za ta wayi gari ta daina dakatarwa kuma ba ta gyara komai ba. Mu da muka je horon mun rubuta wa shugaba muna neman a ɗauki irin wannan ma'aikaci, a kuma horar da masu aikin ɗakin cin abinci da jami'an tsaro, tunda a gabansu ake yawancin faɗan. An ba mu mutum na rabin lokaci.

Da wannan rabin muka zaɓi abu ɗaya da ba za mu bari ya wuce ba, shi ne zaman tarbar wanda ya dawo daga dakatarwa. Safiyar da zai dawo, kafin ya shiga aji, ana zama da shi da wani nasa da malami ɗaya da shi ya zaɓa. A faɗa masa darussan da aka yi ba ya nan da wanda zai taya shi cike su, a tambaye shi abin da yake fargaba game da komawa cikin 'yan ajin, a sa masa babban da zai je wurinsa in ya ji ransa ya fara ɓaci. Yaron da aka dakatar saboda zagin yarinyar nan ni ya zaɓa, kuma sai da muka yi makonni muna zama bayan tashi kafin ya kamo 'yan ajinsu a lissafi.